Anini Mai Tsatsa da Hatimin Sarki

An fara karanta wannan jawabi a rediyo cikin shirin sujada na safiyar Lahadi. Mun buga shi a nan domin 'yan'uwa na Augie, Argungu, Birnin Kebbi da ƙauyukan bakin gulbi waɗanda ba su sami ji ba.

Wurin karatu: Markus 12:13-17 da 41-44.

   

Kan maganarmu a yau shi ne tsofaffin kuɗin tagulla na zamanin Romawa, irin waɗanda suka bi ta hannun mutane a kwanakin da Ubangijinmu yake zaga Galili da Yahudiya. In kun karanta Markus sura 12, za ku ga sau biyu cikin sura ɗaya Yesu ya tsaya ya dubi kuɗi. Da fari ya dubi dinari na azurfa mai surar Kaisar. Daga baya kuma ya dubi 'yan ƙananan kuɗin tagulla guda biyu a hannun wata gwauruwa. Abin da ya gani a jikinsu, shi muke so mu gani tare.

Kuɗin da iyayenmu suka kashe

Bari mu fara daga gida. Kakanninmu a ƙasar Kabi da wuri suke ciniki, ana ƙirga shi a ƙasa, wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Da Turawa suka zo, sai suka kawo kuɗin ƙarfe. A shekara ta 1907 aka fara buga anini. Anini 10 kobo ɗaya ne, kobo 12 sule ɗaya, sule 20 kuwa fam ɗaya. Dattawanmu sun tuna da shi sarai: yana da huda a tsakiya ta yadda za a iya shirya shi a zare, gefe ɗaya da tauraro mai tsini shida, ɗaya gefen kuma da kambi da sunan sarkin Ingila da ɗan rubutun Larabci. Akwai ma na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara ɗaya a kan gadon sarauta ba ya yi murabus. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kobo suka maye gurbin fam da sule. Yau ba mai karɓar anini a kasuwar Augie, amma har gobe in mutum ya tsiyace sai a ce ba shi da ko anini.

Wani lokaci manomi yakan tono irin wannan kuɗi a kufai. Me yakan yi? Yakan murza shi da babban yatsa, ya karkata shi wajen haske, yana neman sunan sarki da shekara. In ya gane su, to, ya san abin da ke hannunsa. Saboda irin wannan ne aka mai da tsohuwar fadar Argungu gidan tarihi na Kanta a 1958, domin yara su ga kayan iyayensu su san asalinsu.

To, a ƙasashen duniya akwai mutane masu yawa da suke yin haka da kuɗin Romawa. Suna tara su, su wanke su, su gane su. Mulkin Romawa bai ƙetaro hamada ba, ya tsaya a bakin Afirka ta Arewa, daga Masar har Maroko, amma fatake sun gangaro da kayansu kudu. A 1925, sa'ad da aka buɗe kabarin Tin Hinan a Abalessa, ƙasar Buzaye a kudancin Aljeriya, an sami wani ɗan fallen zinariya mai ɗauke da shaidar kuɗin Sarki Kustantin. A ƙasashen da Romawa suka mallaka kuwa, har yau ƙasa tana ta amayo da kuɗinsu. A 2010 wani mutum mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya tarar da babbar tukunya binne a gona kusa da garin Frome a Ingila. Da aka ƙirga abin da ke ciki, sai aka sami kuɗi 52,503, galibinsu tagulla mai ɗan azurfa kaɗan, na ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu. Waɗanda suka binne su ba su komo sun ɗauka ba. Shekara wajen 1,700 dukiyar tana kwance tana tsatsa, kamar yadda Ubangiji ya gargaɗe mu a Matiyu sura 6 a kan dukiyar da ake tarawa a duniya.

Ga yadda lissafin kuɗinsu yake a zamanin Yesu. Dinari na azurfa ne, shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20. A ƙarƙashinsa akwai kuɗin tagulla. Akwai wanda suke kira as, guda 16 ne dinari ɗaya. Akwai ƙaraminsa, kwadirans, guda 4 ne as ɗaya. A ƙasar Yahudiya kuma akwai ɗan mitsitsi da ake kira lefton, rabin kwadirans ne. Wato sai an tara lefton 128 kafin a sami dinari ɗaya. Zinariya ta manya ce, azurfa ta haraji da albashin soja, tagulla kuwa kuɗin talaka ne, na gurasa da gishiri da man fitila.

Daga aikin masu gane waɗannan kuɗi za mu ɗauki darasi uku.

Na fari: yadda ake wanke shi

Sa'ad da kuɗin tagulla ya fito daga ƙasa, ba ya kama da kuɗi. Laka da tsatsa sun rufe shi, sai ka ce ɗan tsakuwa. Baƙo a wannan aiki yakan yi gaggawa. Yakan ɗauki yashi da toka da lemun tsami ya dirje shi kamar yadda ake cuɗa gindin tukunya, wani ma yakan tsoma shi a ruwan batir. Nan da nan sai ƙarfen ya yi ƙyalli, amma fuskar sarki ta tafi tare da lakar, rubutun ya shafe. Ba mai iya gane shi kuma har abada.

Gwani ba ya yin haka. Yakan jiƙa kuɗin a tataccen ruwa marar gishiri, yana canza ruwan, mako da makonni. Waɗansu sukan bar shi a man zaitun har watanni. In lakar ta yi laushi, sai ya ɗauki tsinke da buroshi mai taushi, ya sa gilashi mai ƙara girman abu, yana ɓamɓarewa kaɗan kaɗan. Yau kunne ya fito, gobe harafi biyu. Me ya sa yake da wannan haƙuri? Domin ya tabbata akwai sura a ƙarƙashin lakar, ko da bai gan ta ba tukuna.

'Yan'uwa, a kowace ikilisiya akwai waɗanda laka ta rufe. Akwai saurayin da ya tafi ci-rani ya komo ba ya shiga majami'a. Akwai magidancin da giya ta kama. Akwai yarinyar da ta yi ciki a gidan iyayenta, kunya ta hana ta fita. Yaya muke yi da su? Sau da yawa da yashi da toka muke zuwa musu. Mu tsai da su a gaban jama'a, mu yi ta maganarsu a bakin rijiya, mu daina amsa gaisuwarsu da fara'a. Muna cewa muna tsabtace ikilisiya ne, amma in muka waiwaya sai mu ga mutumin ya tafi, ba zai sāke komowa ba. Manzo Bulus, a farkon sura 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, ya ɗora wa masu ruhaniya aikin komo da wanda ya faɗi, ya kuma ce da tawali'u za a yi shi, kowa yana lura da kansa.

Ku duba yadda Ubangiji ya yi da Bitrus a Yahaya sura 21. Ga mutumin da ya yi musun saninsa har sau uku, ya koma sana'arsa ta su, ya kwana a ruwa bai kama kome ba. Masunta da ke sauraronmu sun san nauyin irin wannan dare. Yesu bai tare shi da faɗa ba. Ya hura wuta a bakin gaɓa, ya gasa kifi, ya ciyar da shi tukuna. Sai da suka ƙoshi sa'an nan ya yi masa tambaya a kan ƙauna, sau uku, a hankali, har surar ta sāke fitowa.

Amma kada wani ya ce haƙuri shi ne a ƙyale kome. Masu wannan aiki sun san tsatsa iri biyu ce. Akwai wani kore mai tauri, mai santsi, wanda shekaru suke shimfiɗa wa tagulla. Wannan ba ya cutar da kuɗin, kāre shi ma yake yi, gwani kuwa ba ya taɓa shi. Akwai kuma wani kore fari-fari mai kamar gari, wanda suke kira cutar tagulla. Gishirin da ya shiga cikin ƙarfen ne yake haɗuwa da danshi, yana cin kuɗin daga ciki har ya huda shi. In aka share shi a sama, sai ya sāke tsirowa. Wannan kam dole a ware kuɗin, a bi cutar har gindinta, a fitar da gishirin, a busar da shi sosai.

Haka yake a cikinmu. Tsufa, da talauci, da rashin ilimin boko, da tsagen fuska, da Hausar da ba ta nuna ba a bakin ɗan wata kabila, duk waɗannan ba zunubi ba ne, ba kuwa abin kankarewa ba ne. Amma gaba, da ɗacin rai, da zina, da cin amanar kuɗin ikilisiya, da zuwa wurin boka a ɓoye, waɗannan su ne cutar da ke cin mutum daga ciki. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa mukan juya abin. Mu dirji talaka saboda rigarsa, mu bar mai kuɗi da cutarsa domin muna jin nauyinsa. Ubangiji ya ba dattawan ikilisiya idon rarrabewa.

Na biyu: yadda ake karanta shi

In kuɗin ya fito fili, sai a zo wajen karatu. Ana duban fuskar da ke gaba, da rubutun da ya kewaye ta, da zanen da ke baya, sa'an nan a auna faɗi da nauyi. A bayan yawancin kuɗin tagulla na farkon daular akwai manyan haruffa biyu, S da C, alamar yardar majalisar dattawan Roma. A na baya-baya kuma akan sa haruffan garin da aka buga su a ƙasa. ALE na nufin Iskandariya ta Masar. ANT na nufin Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista.

Akwai wani ɗan kuɗin tagulla da masu bi ya kamata su sani. Faɗinsa kamar farcen babban yatsa, nauyinsa wajen giram 2. Ba fuskar mutum a jikinsa, gama Yahudawa ba su yarda da sura ba. Amma an zana sanda mai lanƙwasa irin ta masu dūbā na Romawa, a wani kuma an zana ludayin zuba hadaya ga gumaka. Rubutunsa na Helenanci ne, da sunan Tibariyas Kaisar, da shekarar mulkinsa ta 16 ko 17 ko 18, wato shekara ta 29, da 30, da 31 bayan haihuwar Almasihu. Wane ne gwamnan Yahudiya a lokacin? Buntus Bilatus ne, wanda ya yi mulki daga 26 zuwa 36. Shi ya sa aka buga su. Luka ya faɗa mana a sura 3 cewa a shekara ta 15 ta mulkin Tibariyas ne Yahaya Maibaftisma ya fara wa'azi, yana kuma ambaton Bilatus. A 1961 kuma masu tonon tarihi suka sami wani dutse a Kaisariya da sunan Bilatus sassaƙe a jikinsa. Saboda haka, in wani ya ce maka bishara tatsuniya ce, ka sani mutanen da ke cikinta sun rayu, sun yi mulki, kuɗin da suka buga yana nan ana riƙe shi a hannu.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Farisiyawa da mutanen Hirudus suka zo wurin Yesu da tarko a kan biyan haraji ga Kaisar. In ya ce a biya, jama'a za su ƙi shi. In ya ce kada a biya, Romawa za su kama shi. Sai ya sa aka kawo masa dinari, ya yi abin da kowane mai gane kuɗi yake yi, wato ya tambayi ko surar wa da sunan wa ke jikinsa. Yawancin masana suna ganin dinarin Tibariyas ne, wanda ya yi mulki daga 14 zuwa 37. Rubutun gabansa yana kiran sarkin ɗan Augustas wanda Romawa suka mai da allah, na bayansa kuma yana kiransa babban firist. Ku lura, wanda ke duban wannan rubutu shi ne Ɗan Allah na gaskiya, Babban Firist na gaskiya. Da suka amsa cewa na Kaisar ne, sai ya umarce su su mayar wa Kaisar da kayansa, su kuma ba Allah nasa.

Mene ne na Allah? Wani malamin ikilisiya ɗan Afirka, Tartuliyan na birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, wanda ya rayu wajen shekara ta 200, ya bayyana shi sarai. Kuɗi yana ɗauke da surar Kaisar, don haka na Kaisar ne. Mutum kuwa yana ɗauke da surar Allah, don haka na Allah ne. Littafin Farawa sura 1 ya shaida mana cewa cikin kamannin Allah aka halicci mutum, mace da namiji. Romawa ba sa zuba kuɗinsu kamar yadda ake zuba darma. Maƙeri yakan ɗora guntun ƙarfe tsakanin hatimi biyu, ya buga da masaba, sai surar ta shiga jikin ƙarfen. Haka Mahaliccinmu ya buga hatiminsa a jikinmu. Zunubi ya rufe surar, ya ɓata ta, amma bai mai da mu na wani ba.

Wannan yana da nauyi a zamanmu na yau da kullum. Haraji, mu biya. Dokar ƙasa, mu bi. Sarakunanmu da hakimai da masu mulki, mu girmama su, mu yi musu addu'a. Amma rai da lamiri da sujada, waɗannan ba na sayarwa ba ne, ko don aiki, ko don aure, ko don buhun taki a lokacin zaɓe. Har wa yau, surar nan ba a jikin Kirista kaɗai take ba. Tana jikin maƙwabcinmu Musulmi wanda muke noma kan iyaka ɗaya da shi, tana jikin Bafulatanin da shanunsa suka shiga gonarmu, tana jikin almajirin da ke bara a ƙofarmu. Yakubu ya tsawata mana a sura 3 ta wasiƙarsa a kan harshen da ke yabon Allah, ya juya kuma ya zagi mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Wanda ya raina kuɗin sarki, sarki ya raina.

Masu gane kuɗi suna kuma tsaro da jabu. Mai yin jabu yakan danna kuɗin gaskiya a yumɓu, ya narka ƙarfe ya zuba. Daga nesa ba bambanci. Amma in aka duba gefensa za a ga layin haɗi, a fuskarsa da 'yan ramuka na kumfa, haruffansa kuma ba kaifi, domin bai taɓa shan masaba ba. Sunan Almasihu ma an sha buga shi a kuɗi. Wani hafsa mai suna Magnantiyus ya yi juyin mulki a shekara ta 350, aka kashe sarkin da yake yi wa aiki. A 353 ya cika bayan kuɗinsa na tagulla da manyan haruffan sunan Almasihu, da Alfa da Omega a gefe da gefe. A wannan shekara aka ci shi da yaƙi, ya kashe kansa. Sunan Yesu a jikin mota, ko a ƙofar shago, ko a zanen Zumuntar Mata, abu ne mai kyau. Amma ranar gwaji ce take nuna irin ƙarfen da ke ciki.

Na uku: yadda ake sanin darajarsa

A ƙarshen surar, Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali yana kallon masu ba da baiko. Littattafan Yahudawa na dā sun ce akwatuna 13 ne a wurin, masu baki kamar ƙaho. Da yake kuɗin ƙarfe ne, in attajiri ya zuba nasa kowa zai ji ƙara. Sai ga wata gwauruwa matalauciya ta jefa lefton biyu. Markus ya yi wa masu karatunsa bayani cewa su biyun kwadirans ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin 64 na ladan yini. Yawancin masana suna ganin irin kuɗin nan ne na Sarki Iskandari Yanayus, wanda ya mallaki Yahudiya daga 103 zuwa 76 kafin haihuwar Almasihu, masu anka ta jirgin ruwa a gefe ɗaya da tauraro a ɗaya gefen. Sirara ne, nauyinsu wajen giram ɗaya, an buga su da gaggawa, sun kuma daɗe suna yawo har sun goge. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, lokacin da anini yake yawo a kasuwa, shi ya sa har yanzu muke ce da baikon matar nan anini biyu.

Yesu ya kira almajiransa ya nuna musu ita, ya ce ta fi kowa bayarwa, gama sauran daga yalwarsu suka ɗiba, ita kuwa abincin bakinta ta bayar duka. Ku tuna guda biyu ne a hannunta. Da ta riƙe ɗaya ta ba da ɗaya, ba wanda zai ga laifinta. Ta ba Allah abin da yake na Allah, wato kanta.

Nan da nan bayan wannan, a farkon sura 13, wani almajiri ya nuna wa Yesu manyan duwatsun Haikali, Yesu kuwa ya ce za a rushe su duka. A shekara ta 70 sojojin Roma suka ƙone Haikalin. A 71 Sarki Basbasiyan ya buga babban kuɗin tagulla na murnar nasara, da itacen dabino, da mace zaune a gindinsa tana makoki, wato Yahudiya kamammiya. Ina Haikalin yake yau? Ina zinariyar attajiran? Ina Hirudus Agaribas, wanda ya sa laimar sarauta a kan kuɗinsa, ya kashe manzo Yakubu da takobi, ya kuma mutu a shekara ta 44 a Kaisariya? Duk sun shuɗe, kuɗinsu ya zama abin kallo a gidajen tarihi. Amma anini biyu na gwauruwar nan, ga shi muna maganarsu yau a bakin Gulbin Rima.

Akwai wani lissafi kuma. A Matiyu sura 10 Yesu ya ce gwara biyu ake sayarwa a as ɗaya. A Luka sura 12 kuwa ya ce biyar ake sayarwa a as biyu. Duk wanda ya san kasuwa ya gane abin da ya faru. In biyu as ɗaya ne, as biyu huɗu ya kamata ya saya. Ta biyar ɗin gyara ce. Mai sayarwa bai sa ta a lissafi ba, mai saye bai biya kome a kanta ba. Duk da haka Ubangiji ya ce ko ɗayarsu Allah bai manta da ita ba.

Muna sane akwai masu sauraronmu da suke jin kansu kamar gyara. Akwai gwauruwar da dangin miji suka kwashe kayan gidanta. Akwai manomin da ambaliya ta cinye shinkafarsa, kamar yadda ta yi wa mutane da yawa a jiharmu a 2020, ya bar bashin taki a wuyansa. Akwai 'yan tsirarun masu bi a ƙauye, waɗanda majami'arsu rumfar kara ce. Akwai ma waɗanda suka daina zuwa sujada domin ba su da abin sawa a kwanon baiko. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka zo, ki zo. Kasuwa tana auna kuɗi da ƙarfensa, amma Ubangiji surarsa yake nema. Bitrus ya tuna mana a wasiƙarsa ta fari cewa ba azurfa ko zinariya aka biya aka fanshe mu ba, jinin Almasihu ne. Wannan shi ne farashinka.

Mu kuma shugabannin ikilisiya, mu binciki kanmu. In muna kiran sunan mai naira dubu goma a gaban jama'a ana tafi, muna wuce mai naira hamsin shiru, to, idonmu ba inda idon Yesu yake yake ba. In mai babbar riga ne kullum a kujerar gaba, mu sāke karanta Yakubu sura 2.

Ga abin da muke roƙon kowa ya yi a wannan mako. Ka tuna da mutum ɗaya wanda ya daɗe bai zo sujada ba. Kada ka je masa da wa'azi. Ka je ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar gidansa, in da hali ka taya shi aikin gona, ka yi masa addu'a kowace safiya. Jiƙon yana ɗaukar lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa. In kuwa kai ne laka ta rufe, kada ka jira sai ka wanke kanka kafin ka zo. Kuɗi ba ya wanke kansa. Ka ba da kanka a hannun Mai shi yau, ka tuba, ka gaskata da Yesu, shi zai yi aikin.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka halicce mu cikin kamanninka, ka kuma aiko da Ɗanka ya nemo mu daga cikin ƙura. Ka wanke mu da hannunka mai haƙuri. Ka fitar da cutar da ke cin zukatanmu a ɓoye. Ka koya mana mu ga surarka a fuskar maƙwabtanmu, mu kuma komo da 'yan'uwanmu da tawali'u. Ka tuna da gwauraye da marayu, da manoma da masunta, da sarakunanmu da masu mulkin ƙasarmu. Ka karɓi ɗan abin da ke hannunmu, ka karɓe mu tare da shi. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Jama'a, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherinsa ya kasance tare da ku duka. Ku huta lafiya.